Rubutun Yaya Fumie

Tokyo, 3 ga Yuni

Yaya Fumie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki. Ki yi haƙuri da wannan kacaccalar rubutun nawa. Na kashe wayata saboda 'yan jarida, shi ya sa kika ga wasiƙa.

Asiri ya tonu. Wata mujalla ta buga hotona da Noboru muna sayen kabeji, da zobe a hannuna. Suka rubuta wai muryar Nonoka ta yaudari masoyanta, shekara biyu tana da miji a ɓoye. Kamar ba kamfanin ne ya ce in ɓoye ba! Tun jiya samari ke farfasa faya-fayan waƙoƙina suna ɗora hotunan a intanet. Shekara shida ina yi wa Nonoka, yarinyar katun ɗin nan na talabijin, murya, ashe su a ransu ni ma 'yar sha huɗun ce.

Manaja Kuwabara ya ce in ba da haƙuri da rubutun hannu, kamar yadda aka saba, kafin ranar ashirin ga wata. In ba haka ba, za a ba wata daban aikin muryar Nonoka. Kin san matsalar: tun da na fara aikin nan ke kike rubuta min duk wani katin gaisuwa da ake nuna wa masoya, su kuwa rubutunki suka sani a matsayin nawa. Ga kalmomin da ya tsara na saka a ciki. Don Allah ki kwafe, ki aiko da sauri.

Taki ƙanwa,
Chisato

Sakata, 7 ga Yuni

Zuwa ga ƙanwata Chisato,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, damina ta kusa, shinkafa ta yi kore a gonaki.

Na ga hoton. Kin yi ƙiba kaɗan, kabejin kuma bai yi kyau ba, da kin zaɓi wani.

Na karanta takardar manajan naki sau uku. "Na aikata abin kunya, na ci amanar masu ƙaunata." Wane abin kunyar? Ina wurin aka ɗaura auren nan. Mu bakwai ne kacal, labule a sake kamar ɓarayi, Noboru yana zufa cikin kwat ɗin aro. Na rubuta miki "ina ƙaunarku duka" ya fi sau ɗari ban ce uffan ba, don ƙaryar ba ta taɓa kowa ba. Wannan kuwa ta taɓa mutum. Ni da nake koya wa yara riƙe alƙalami, ba zan zauna in ƙawata zagin mijinki ba.

Ki ci abinci, ki huta lafiya.

Yayarki,
Fumie

Tokyo, 11 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Ke kina can kina kallon shinkafa, ni ina nan ƙasa tana zame min.

Jiya na je ɗaukar murya. Mu goma sha biyu ne a kan makirfo huɗu, kowa da takalmi mai taushi, ana shiga ana fita ba a jin motsi. Da can ina son shirun nan. Jiya kuwa ko kallona ba wanda ya yi. A kujerar bakin ƙofa sun zaunar da wata yarinya 'yar sha tara, wai ta zo koyo. Da aka tafi hutu na ji ta a banɗaki tana gwada dariyar Nonoka. Yaya, ta iya! Ta fito ta gan ni, ta sunkuya har kanta ya kusa taɓa gwiwa, ta ce, "Tun ina ƙaramar sakandare nake kallonki." Na rasa ko in mare ta ko in rungume ta.

Na ce wa Kuwabara a buga takardar da na'ura mana. Ya ce, "Haba Chisato, wa zai yarda da nadamar na'ura? Hannu suke son gani." Ya ƙara da cewa mujallar ta fara tambayar shekaruna na gaskiya.

Na ɓata takarda arba'in ina kwaikwayon rubutunki, duk sun fito kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Na kasa zama, na kasa tsayuwa, sai zagaye ɗaki nake yi. Dariyar nan ni na ƙirƙiro ta, daga maƙogwarona ta fito. Idan aka ƙwace ta, me ya rage min? Noboru ma ya ce takarda ce kawai. Ke ce kaɗai kika kafe.

Sai na ji daga gare ki.
Chisato

Sakata, 15 ga Yuni

Zuwa ga ƙanwata Chisato,

Bayan gaisuwa. Ga takardarki, ban sauya ko kalma ɗaya ba.

Ba don wasiƙarki na rubuta ba. Ranar Lahadi Noboru ya hau jirgin ƙasa ya zo har gida, bai gaya miki ba na sani. Ya durƙusa a kan tabarmata, ya ƙi taɓa shayin da na zuba masa. Ya ce, "Yaya, ki rubuta mata. In ta rasa aikin nan saboda ni, kullum sai ta gani a fuskata." Na ce, ka karanta abin da ke ciki kuwa? Ya ce ya karanta, har ya haddace.

Sai na rubuta yana kallo, shi ya riƙe min gefen takardar. Da na zo kan "abin kunya" ya juya ya kalli taga. Ban taɓa yin rubutu mai kyau kamar wannan ba, kuma ban taɓa jin haushin hannuna kamar ranar ba.

Takarda tana hannunki yanzu, miƙawa ko ƙin miƙawa ya rage naki. Amma kar ki sake cewa takarda ce kawai.

Ki huta lafiya.

Yayarki,
Fumie

Tokyo, 26 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. Na miƙa, sun bar min Nonoka. Mujallar ta ce ana ganin nadama ta gaskiya a kowane harafi.

Ranar da aka buga, Noboru ya shigo da ita a hannu, ya ce abokan aikinsa sun taya shi murna. Ya ci abinci, ya wanke kwanonsa, ya ce zai je wurin iyayensa kwana biyu. Yau kwana shida.

In ya kira ki, don Allah ki gaya min.

Taki,
Chisato