A Kan Asusun Ƙasa da Ƙwayar Waken da Kuka Ƙi Karɓa

Zuwa ga Shugaban Sashen Ba da Shawara da Jagoranci, na makarantar da nake karatun hutu shekara huɗu ke nan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar ɗalibi ga malaminsa, ina gaida iyalinka da malaman da ke aiki ƙarƙashinka. Wasiƙa uku na kawo ofishinka da hannuna, kowacce sakatare ya buga mata hatimi ya ce za a neme ni. Ba a neme ni ba. Shi ya sa na fito da maganar a jarida, ba don raini ba, sai don lokaci ya ƙure mini.

Ni malamin sakandare ne a Anka. Shekara tara da suka wuce aka ba ni mabuɗin wani ɗan ɗaki kusa da sito, inda yaron da ke cikin damuwa yake zuwa ya zauna ya faɗi abin da ke ransa. Yanzu shugaban makarantarmu ya nuna mini takarda daga sama cewa ɗakin sai mai satifiket, ya kuma ba ni zuwa ƙarshen wannan zango: ko in kawo takarda, ko in ajiye mabuɗi. Na ci duk darussanku. Abu ɗaya ya tsare ni, aikin binciken da kwamitinku ya ƙi karɓa. Ga yadda abin ya faru.

Na farko. Ban zo muku da sanin ƙididdiga ba. Tun ina firamare ni da lissafi gaisuwar nesa muke yi, kuma karon farko da na zauna jarrabawar ƙididdiga a sashenku na faɗi ƙasa warwas. Ban ɓoye ba. Na tafi wajen Mista Yohanna, malamin lissafi na makarantarmu, baƙo ne daga wata jiha kuma a haife na girme shi nesa ba kusa ba, na roƙe shi ya mayar da ni ɗan aji ɗaya. Zango biyu muna zama gindin dogon yaro bayan la'asar, yana nuna mini yadda ake fitar da matsakaici, da yadda ake auna tazarar amsoshi da juna, da yadda ake gane bambancin gaske daga wanda sa'a kawai ta kawo. Ɗalibaina suna wucewa suna ƙunshe dariya, ga malaminsu da furfura yana cizon fensir. Gemu dai ba ya hana ilimi. Da na sake zaman jarrabawar, makin da na samu yana nan a ofishinku, a duba. Ina alfahari da shi fiye da duk wata takarda da na taɓa riƙewa.

Na biyu. Bincikena a kan abin da ke damun yaran aji ɗaya ne a makarantu uku, ɗaya a Anka, ɗaya a Gummi, ɗaya a Bukkuyum. Na fara da fom ɗin da sashenku ya ba ni, kamar kowa. Fom ne na Turanci, da layin suna a samansa, kuma malamin aji yana tsaye ake cika shi. Da na tattara, kusan kowane yaro ya ce ba abin da ke damunsa: ba yunwa, ba tsoro, ba kewar gida. A cikinsu har da wani da ya zo ɗakina kwana biyu kafin nan ya ɗaga riga ya nuna mini shatin bel a bayansa. A ajinku aka koya mini cewa idan amsoshi suka fito iri ɗaya sak, mutum ya tuhumi ma'auninsa kafin ya yi murna. Sikelin da ke nuna nauyi ɗaya ko akuya ka ɗora ko sa, sikelin ne ya lalace. Na rubuta wannan a littafina ranar da aka faɗe shi, kuma na ɗauka da gaske ake.

Na kai kukana gida, ƙauyenmu da ke ƙasar Bukkuyum. Inna ta saurare ni tana tsince wake, sannan ta yi mini dariya. Ta ce, "Kai sa'adda kak karye hannu kana ƙarami, da baffanka yag gaishe ka, mi kac ce mai? Lahiya lau kac ce. Wa kag gani ya hwaɗi ciwonai gaban babba, balle da sunanai rubuce?" Ranka ya daɗe, Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta faɗa mini abin da babi guda na littafinku yake zagayawa. Mun tarbiyyantar da yaranmu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sannan muka miƙa musu takarda muka ce su fasa cikin a gaban malami.

Na uku, kuma nan ne abin da aka yi wa dariya. A ɗakin Inna akwai asusun ƙasa, irin wanda ba ya buɗuwa sai an fasa shi, kuma ba wanda ya san abin da ta jefa ciki. Daga nan tunanin ya zo mini. Na sa mai ginin tukwanen ƙauyenmu ta gina mini ƙananan asusu masu ƙaramar kafa, har ta tambaye ni ko banki zan buɗe. Tambayoyina shida ne, kowace da asusu uku: na "sosai", na "kaɗan", na "babu". Yaran da za su amsa, da ƙuri'a na zaɓe su daga rajista, na zuba lambobi cikin hula aka ɗebo, ban zaɓi wanda na sani ba. Na gaya musu wanda ba ya so ya tashi, ba laifi. Sai in karanta tambaya da Hausa, yaro ya shiga bayan zana shi kaɗai ya jefa ƙwayar wake ɗaya inda ransa ya ba shi. 'Yan kwana na ba su jan wake, 'yan jeka-ka-dawo farin wake, don in iya kwatanta ɓangarorin biyu ba tare da sunan kowa ba.

Ban ce ban yi kuskure ba. A gwajin farko na lura na waje suna kasa kunne, suna gane asusun da aka jefa wa daga ƙarar faɗuwar waken. Na watsar da wannan zagaye gaba ɗaya, na zuba yashi a gindin kowane asusu, na sake daga farko. Wannan ma yana rubuce a babi na uku na aikina. Bayan an gama ina liƙe kafofin da laka, ba a fasa su sai gaban malamai biyu na makarantar, mu ƙirga tare, mu tabbatar yawan wake ya yi daidai da yawan yara, su sa hannu. A Gummi na koma bayan mako biyu na maimaita da yaran nan dai, sakamakon ya zo dab da na farko. Na hau bas, na hau kabu-kabu da kwali a cinya, ina roƙon direba ya bi ramuka a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Na huɗu. Ba zan zuba alƙaluma a jarida ba, suna babi na huɗu. Amma a tambayar tsoron duka da ta kwana da yunwa, asusun "sosai" jan wake ne ya cika shi. Ido ya gani, sai dai ban yarda da ido ba. Na yi gwajin ƙididdigar nan da ake kira kai-sikwaya da hannuna da 'yar kalkuleta, na duba jadawalin da ke bayan littafi, Mista Yohanna ya sake lissafawa shi kaɗai, muka haɗu a amsa ɗaya: bambancin ya fi ƙarfin a ce sa'a ce. Ranar na yi sallar nafila raka'a biyu. Tun daga nan na daina jiran 'yan kwana su zo da kansu, nakan kira su ƙungiya-ƙungiya ranar Alhamis, kuma ɗakin da a da yakan yini ba kowa yanzu benci ba ya isa.

Na biyar. Ranar kare aikina a gaban kwamiti na shigo da ɓallin asusu ɗaya da takardun shaidu. Malamin da ke duba aikina ya tambaye ni a gaban ɗalibai ko ƙosai na zo sayarwa, aka kwashe da dariya. Aka ce asusu ba ya cikin kowane littafi. Na roƙi a nuna mini ƙa'ida ɗaya ta bincike da na karya: zaɓen samfur ne, ko sirrin mai amsa, ko maimaitawa, ko lissafin? Ba wanda ya buɗe babi na huɗu, na ga shafukan a manne kamar yadda mai ɗaure littafi ya ba ni su. Da muka fito, malamin ya ja ni gefe cikin lallashi ya ce kada in wahalar da kaina, in ɗauki sabbin fom in cika da biro kala uku, zuwa Juma'a an sa mini hannu. Na san ba ni kaɗai aka ba wannan shawara ba, na kuma san inuwar da ake zama a cika su. Ba zan kira sunan kowa ba. Amma ni na ƙi, kuma ko yau aka sake tambayata zan ƙi. Ban koyi ƙididdiga da furfura don in yi wa yaran Anka ƙarya da ita ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A ba wanda ke koyar da ƙididdiga a sashenku babi na uku da na huɗu ya karanta, ya sake lissafin. In ya samu kuskure, zan gyara in gode masa. Sannan, tunda gani ya kori ji, ka zo da kanka ko ka aiko wanda ka yarda da shi, a zaɓi makaranta da ƙuri'a, a ba yara fom da safe, a ba su wake da rana. In amsoshin suka zo ɗaya, na janye wannan wasiƙa a wannan jarida, na maimaita shekara ba gardama. Na ƙarshe, a ba ni amsa kafin zango ya ƙare, ko da ta ƙi ce, amma da dalili a rubuce.

Ranka ya daɗe, ka san wanda za a ba mabuɗin in na ajiye shi? Shugaban makaranta ya riga ya faɗa mini. A cikinmu mutum ɗaya ne yake da wata takarda mai kama da wadda ake nema, shi ne malamin horo. Mutumin kirki ne, abokina ne, tare muke cin abinci. Amma aikinsa bulala ce, a hannunsa take tun daga taron safe har a tashi. Yaran da sai da suka ɓuya bayan zana kafin su iya cewa suna tsoron duka, wajensa za a ce su kai kukansu.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya ba ka ikon yin adalci a kujerar da ya ɗora ka. Allah ya raya maka zuri'a, ya sa duk ranar da ɗayansu ya ji tsoro a inda ba ka nan, ya samu wanda zai iya faɗa wa.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Bawa Muhammadu,
malamin makaranta, Anka.