Soket Mai Rami Biyu da Hannun Hajara

Zuwa ga Manajan Gidajen Ma'aikata,
Kamfanin Kuza, Naraguta, Jos.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne mai awon kuzar da ka aiko wa takardar tashi daga gida, wai don mun yi ganganci da lantarki. Na gaji da tsayuwa ƙofar ofishinka, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya: da aka sabunta gidajen Turawa aka sa musu soket mai rami uku, tsohuwar wayar da aka ciro, wadda rigarta ta zare duk ta zagwanye, ita aka kawo barikinmu, da soket mai rami biyu.

Na biyu: dutsen gugar da na saya a kanti fulogi mai ƙafa uku gare shi, ba ya shiga. Na kai kuka wurin fomanka mai kula da bariki, Oga Bala. Da wuƙarsa ya datse fulogin, ya cusa tsirarar waya a ramin, ya tokare da tsinken ashana. Duk barikin haka ya koya mana.

Na uku: da damina bango ya jiƙe. Matata Hajara ta taɓa wurin za ta yi guga, wuta ta maka ta da ƙasa. Yatsunta na dama sun ƙanƙance. Mace mai ɗinkin hula, yau ko allura ba ta iya riƙewa. Daga Argungu na ɗauko ta lafiya lau. Me zan gaya wa tsohonta?

Gaskiya ɗaya ce: motarka ce ta kai ta asibiti, na gode. Mai gyaran wutar kamfani ma ya sha faɗa wa Bala a sake wayar, shi kam ba shi da laifi. Amma Bala, wanda ya rantse maka bai taɓa shiga ɗakina ba, wallahi ban yafe masa ba, duniya da lahira.

Ina roƙo ka janye takardarka, a cire wayar nan daga barikin duka. In kuwa lallai sai mun tashi, to ka ba Bala ɗakin, ya yi damina ɗaya a ciki. Zan share masa shi tas, in bar masa kwalin ashana a taga.

Allah Ya ƙara girma, Ya bar ka da hannuwanka biyu.

Wassalam.

Umaru Argungu,
Barikin Ma'aikata, Naraguta.