Akwatin da Ya Kwana a Inuwar Doguwa

Tungar Ɗantala, Mayu 1963

Zuwa ga matata Zalihatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ɗiyarmu Kubra. Yaya tarin nata? Ni lafiyata lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Na san kin yi ta duban hanya tun ranar kasuwa. Ki zauna tukuna ki ji abin da mijinki mai ilimi ya aikata. Da muka bar Lugu da akwatin littattafan aro, rana ta buɗe, san amalanken Sallau ya gaji har yana kumfa. A bakin wannan tunga na hango wata tsamiya mai inuwa kamar ɗaki, ba ko akuya a ƙarƙashinta. Da ni ɗan wannan yankin ne da na tambayi dalili. Sallau ya tafi neman ruwa, ni kuwa na jawo akwatin ni kaɗai na dire shi a gindinta, ina ta yabon ƙarfina.

Ashe tsamiyar Doguwa ce, iskar da mutanen nan suke girmamawa, kuma duk abin da aka ajiye a inuwarta ya zama nata. Sallau ya dawo ya ɗora hannu a ka. Na yi dariya na nufi akwatin, sai samari suka tare ni da sanduna. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ɗaga murya, kuma wannan shirun ya fi ba ni tsoro. Suka ce magana tana wurin Inna Lantana, tsohuwar da ke kula da itacen, ita kuwa ta ce sai ta yi shawara.

Kin san abin da ke gabanmu. Sulusin littattafan ɗakin karatu na cikin akwatin nan, har da babban ƙamus, wanda babu na biyunsa a Dogon Dutsi. Mushe Mahamadu, diraktan lakwal, wato shugaban makaranta, dama neman dalili yake, kullum yana cewa yawon ƙauye ɓata lokaci ne tunda ba wanda ya taɓa aron ko ɗaya. Ya riga ya faɗa mini cewa in sufeto ya zo daga Dosso a farkon damina ya tarar da littafi ɗaya ya ɓata, za a rufe ɗakin a mai da shi wurin ajiyar irin gyaɗa. A ɗakin nan na fara ganinki, Zalihatu, kina jayayya da ni a kan littafin da kika ƙi maidowa.

Ki riƙa buɗe ɗakin kowane maraice kamar ina nan. In Issa na asibiti ya zo, ki ba shi littafin tafiye-tafiyen teku mai jan bango, zai so shi. Kada ki ce wa Mushe komai tukuna.

Ki gaishe da Baba da mutanen gida. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Maikano

Tungar Ɗantala, Yuni 1963

Zalihatu tawa,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta Kubra. Saƙonki ya iso ta hannun Sallau tare da kuɗin zumar da kika matsa. Na ga kuma inda kika kira ni sarkin wayo, na karɓa.

Inna Lantana ta yanke hukunci. Ta ce in an yanka wa Doguwa rago, jini take sha, nama kuwa mutane ke ɗauka. Sai ta tambaye ni mene ne jinin littafi. Na ce maganar da ke cikinsa. Ta ce to, in karanta kowane ɗaya da ƙarfi a gindin tsamiyar, da Hausa, wanda na gama in fita da shi.

Abin ya tsaya mini a rai. Ni ɗan malami ne, kuma kin san abin da Baba zai ce in ya ji ɗansa na yi wa itace karatu. Na gaya mata a fili cewa ni mutane zan karanta wa. Ta ce ba ruwanta, duk mai kunne ya ji.

Ranar farko ni da ita ne kawai. Yanzu mata na zuwa da zarar sun gama daka, maza na biyowa daga sharar gona, har wani makiyayi, Gidaɗo, yakan tsai da shanunsa daga nesa ya saurara. Yawancin littattafan na Faransanci ne, sai in karanta a zuci in juya da baki. Da na kai kan littafin lissafi sun yi dariya har da hawaye, ni kuwa kamar in yi kuka, don muryata ta fara dushewa.

Gara ta fara gini a gindin akwatin. Hadari yana haɗuwa a gabas kowane la'asar, murfin kuma kin san yana yoyo. Ƙamus ɗin nan ko kallonsa ba na son yi, don ko shekara zan yi ba zan gama shi ba. Jiya kuma takardar Mushe ta zo, wani ya kai masa labari. Ya ce in dawo da akwatin cif kafin sufeto, ko in nemi wani aiki.

Ina jin tsoro, Zalihatu, ba zan ɓoye miki ba. Wani lokaci nakan ji kamar in sungumi akwatin in ruga, sai in tuna sandunan nan, in kuma tuna cewa mutanen nan su ke ciyar da ni tun da na zo.

Ki shafa mini kan Kubra.

Naki,
Maikano

Dosso, Yuli 1963

Zuwa ga Zalihatu, abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ruwan bai taɓa katangarmu ba. Ki yafe mini, na biyo ta Dutsi ban leƙo gida ba. Sufeto ya fasa zuwa, ya ce a kawo ni da akwatin, Mushe kuma ya sa ni a mota daga bakin biro, ofishinsa.

Ga yadda aka ƙare. Ranar ruwan farko ina cikin karatu iska ta taso. Na kwanta a kan akwatin ina rufe shi da rigata, sai ga samarin nan masu sanduna sun sheƙo da duwatsu da zana. Suka ɗaga shi kamar rumbu, suka yi masa rufi. Inna ta ce ba a hana yi wa Doguwa ɗaki ba. Ƙamus kuwa, ta saurari shafi guda, ta ce wannan ba shi da jini, in kwashe abina.

Saura ɗaya, ɗan siririn littafin nan na kula da yaro mai ƙyanda. Na karanta shi, ta ce Doguwa ba ta ji da kyau ba. Na sake, ta ce haka. Raina ya ɓaci, har na ɗaga mata murya. Sallau ne ya ja ni gefe ya gaya mini cewa bara ƙyanda ta kwashe mata jikoki uku, kuma dukansu an hana su ruwa, an rufe su a ɗaki, abin da littafin ya ce kada a yi. Saura jika ɗaya gare ta.

Da na koma, ta miƙo mini shi da kanta, ta ce in tafi da shi kada a kore ni. Hannunta na kan hoton uwar da ke ba ɗanta ruwa. Na kasa karɓa. Na rubuta sunanta a matsayin mai aro, ta dangwala yatsa, ina sane da cewa za a iya kiran wannan ɓata.

Haka kuwa Mushe ya kira shi a gaban sufeto. Sufeto ya daɗe yana kallon dangwalen yatsan, ya tambaye ni ko matar ta iya karatu, na ce a'a. Na ɗauka shi ke nan. Sai ya ce littafin da aka ara bai ɓata ba, ɗakin karatu zai ci gaba, amma kayan gwamnati ne, tilas in koma in karɓo shi bayan wata guda, kuma a ƙafa, don an soke amalanke.

Ban gaya masa cewa littafin yana inuwar tsamiya ba, kuma ba ya fita sai an karanta shi. Inna ta riga ta gargaɗe ni cewa Doguwa ta tsufa, kunnenta ya yi nauyi, kuma in zan zo in taho mata da littafin gyaran rijiya. Ki ciro mini shi, yana kan kanta ta biyu kusa da taga. Ki kuma nemo mini takalmi mai ƙwari.

Ina nan tafe da motar Asabar in Allah ya yarda. Ki gaishe da kowa.

Mijinki mai kewarki,
Maikano