Ƙudajen Rafin Abaji

Abaji, 1977

Yaya Uwani,

Bayan gaisuwa, ya gida, ya jikin Inna?

Ina nan Abaji, inda jami'a ta turo mu kama ƙudajen rafi masu makantar da mutane. Abokan aikina sun tsorata sun koma. Oga ya ce, "Dallatu, kai ma taho." Na ce in na taho, binciken ya mutu. Ba wanda ya tilasta mini, aikin nake so.

Lafiyata lau, sai dai idona na hagu yana ƙaiƙayi, ina gani dishi-dishi. Kada Inna ta ji. Ki sa ni a addu'a, ki aiko mini hoton 'yata Lantana, in ƙare mata kallo tun ina iyawa.

Ƙaninki,
Dallatu