Gaisuwar Goggo Tumba

Zuwa ga Iya,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ko ina wuni? Ban san wace ake yi a inda kike ba. Na san ba za ki karanta wannan ba, don ko kina da rai sai dai a karanta miki. Duk da haka da Hausa na rubuta, Hausar nan tawa da kike cewa ta sha Larabci har ta karkace.

Gida lafiya. Ummi na nan da ciwon gwiwarta. Na gama jami'a, Iya. Na sami aiki a wata ƙaramar ƙungiya a unguwar Hindawiyya, nan ƙasa mai tsarki, muna bin tsofaffi gida-gida, mu auna sukari, mu wanke ciwo, mu duba magani. A cikin waɗanda aka ba ni har da ƙawarki Goggo Tumba, wadda kuka yi maƙwabtaka a Misfala kafin a rushe layinku. Yanzu tana Ka'akiyya wurin jikan ƙaninta. Larabci ya zube mata kaf, sai Sakkwatanci. A ƙungiyar ni kaɗai nake jin ta.

Ba ta miƙa hannu a auna ta sai an gama gaisuwa, kuma kin san gaisuwarta. Ina gajiya, ina gida, ina zafi. Daga nan sai ta kama mutane ɗaya bayan ɗaya: mai waina na bakin layi, Malam ladan, matar da ke ɗinka muku mayafi. Mukayyif mai sanyaya ɗaki yana ta gurnani, hasken la'asar yana ratsowa ta labule, ni kuwa sai in ga ɗakin yana cika. Kamar Misfala ta taso da ƙafarta ta zauna a kan darduma, da tattabarunta, da ƙamshin shayinki mai na'ana'a. Wani lokaci sai na farga in tarar da abin awon a hannuna ban ko buɗe shi ba.

To, ga abin da ya taso. An fitar da daftarin sabon tsari na yadda hukuma za ta riƙa biyan ƙungiyoyi irin tamu. Daftari ne, ba a zartar ba tukuna, kada in faɗa miki abin da ba haka ba. Na karanta shi a tsanake, na sake komawa. Kowane aiki da farashinsa da lokacin da aka yanka masa: awo, wanka, canjin bandeji. Ba mugun tsari ba ne, a wasu wuraren ma an ƙara. Amma babu gaisuwa a ciki. Wa zai tuna da ita? Mudirarmu, shugabar ƙungiyar, ta ce in aka zartar a haka, ziyarar Ka'akiyya ba za ta ɗauki kanta ba, sai dai a miƙa ta ga masu zagaye da mota, su shiga su fita. Mutanen kirki ne. Sai dai za su ce mata salamu alaikum su kama hannu, ita kuwa ta janye, su rubuta cewa ta ƙi. Ciwon ƙafarta ba ya jiran a fahimce ta.

An buɗe ƙofar jin ra'ayi, mudira ta ce ni zan rubuta namu. Na nemi kalmar Larabci da za ta ɗauki gaisuwa, na rasa. Tahiyya ta yi gajarta. Me zan ce musu, Iya? A ware lokacin da mamata za su shigo su zauna? A ƙarshe na rubuta cewa akwai majinyatan da ba a iya taɓa su sai an yi magana da su da harshensu, kuma wannan maganar tana cikin aikin. Mudira ta ce ya yi sanyi, amma ta aika. Ban san ko za a duba ba. Ta yarda Goggo ta zauna a hannuna har a ji abin da aka yanke.

Saura abin da ya sa na ɗauki biro. Kullum ke ce ta ƙarshe a gaisuwarta. An gaya mata rasuwarki, ta yi kuka, ta manta. In na tashi tafiya sai ta riƙe gefen abayata ta ce in gaishe ki da kyau, in ce kin yi wuyar gani. Ni kuwa in ce, “Za ta ji.”

Kin san ni, ba na iya rubuta awon da ban gani da idona ba. Amma wannan nake faɗa mata duk mako, in fito da gaisuwar a ƙirjina har tasha. Ke kika koya min cewa gaisuwa amana ce, wanda ya karɓa sai ya kai. Na je maƙabarta, kaburburan duk iri ɗaya, ba suna, ban san inda zan tsaya ba. Shi ya sa na zo ta nan.

Iya, Goggo Tumba tana gaishe ki da kyau. Ta ce kin yi wuyar gani. Kin ji?

Allah ya kai haske kabarinki. Ranar Talata zan koma wurinta, in ce mata na isar.

Jikarki mai karkatacciyar Hausa,
Rahma