Kabarin da ke gefen na Innata

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karantawa. Allah ya sa kuna lafiya. A ɓoye sunana. Sunayen da zan ambata ma na canza su. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, rubutun waya da girmana na koya, sai ku yi haƙuri da yadda maganar za ta zo. Ban zo neman tausayi ba. Ku dai kai ƙarshe kafin ku tsine mini.

Ni mutumin wani ƙauye ne a bayan Kolofata, dab da iyaka. Kakanninmu fatake ne, da jakuna suka zo daga ƙasar Kano, suka yada zango a wurin, suka mutu a wurin. Makabartarmu ta girmi masallacinmu. Yanzu babu kowa a ƙauyen. Ina zaune a Garwa, ina dakon buhu a kasuwa.

Yaran daji sun shigo mana ranar kasuwa, rana tsaka, a kan mashina. Ba su tambayi kowa komai ba. Suka tara maza a gindin tsamiya, suka ɗaure mana hannu ta baya, suka bi mu ɗaya bayan ɗaya da wuƙa. Wanda ya zo kaina wuƙarsa ta riga ta dakushe. Ya ja, ya sake ja, ya ture ni da ƙafa ya wuce. Bai kai maƙogwaro ba, amma ya tafi da rabin muryata, shi ya sa a kasuwa Bebe suke kirana. Innata ba ta iya gudu, ciwon ƙafa ya riƙe ta. A ɗakinta suka cinna wuta. Ina kwance cikin jinin ƙanina ina jin ta tana kiran sunana, ban motsa ba. Wa zai motsa? Na sha yi wa kaina wannan tambayar, amsar ba ta taɓa yi mini daɗi ba.

Washegari mu uku muka samu kanmu a garin: ni da tsumma ɗaure a wuya, wani tsoho da ya rasu daga baya a Mora, sai Sale. Sale mijin Hajara ne, 'yar ƙanwar Innata, wadda a ɗakin Inna ta tashi har aka yi mata aure. Shi yana gona aka yi abin, ita kuma ta tsere daji da yara. Mu uku muka binne mutanen. Duk wanda ya taɓa raka gawa ya san yadda ake yi: a haƙa uwar kabari, a haƙa 'yar a cikinta, a kwantar da mamaci, a jera itace a kai, a toshe da laka, sannan a mayar da ƙasa. Mu ina muka ga lokacin saran itace? Gawa ta fara kumbura, karnuka suna kewaya mu, kuma ba mu san ko mutanen za su dawo ba. Sale ne ya ce mu kwaso kwanon rufin gidajen da suka ƙone. Muka riƙa ninka kwano muna ɗorawa a madadin itace. Da hannunsa ya rufe Inna da kwanon ɗakinta. Ban da mu uku babu wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasar nan.

Kowa ya watse. Wasu Mora, wasu Mokolo, wasu Marwa, masu dangi a Garwa suka yo nan. Sale da Hajara suka kafa bukka a gefen Kolofata tare da sauran 'yan gudun hijira. Gidajenmu suka rushe, geza ta cinye hanya. Makabarta ta zama daji. Ni na kasa barinta. Duk shekara in ruwa ya ɗauke, sai in hau mota zuwa Mora, in hau moto, wato mashin, har inda mai shi zai yarda ya kai ni, sauran in taka da ƙafa. Adda da shebur ina ɓoye su a kangon masallaci. In sare ciyawa, in cike inda ya rufta, in toshe ramin dila, in jawo ƙaya in rufe. Na kakanni ma ina gyarawa, waɗanda alamarsu fasasshiyar tukunya ce ko dutse, don Inna ta nuna mini su tun ina ƙarami. Ba wanda ya aike ni. Mutane suna cewa hauka ne, wata rana za a yanka ni a gama aikin da aka fara. Ban damu ba. Na kasa tashi ranar da take kirana, wannan ne kaɗai abin da ya rage da zan iya yi mata.

Bara na isa da hantsi. Na ɗauko shebur, na zagayo ta bayan kango. Abin da na fara gani keke ne jingine da aduwa, da kwano mai tsatsa an jera a gefensa, ƙasa manne a jiki. Na gane kwanon. Sai na ga sabuwar ƙasa a tare a bakin kabarin Inna, da bayan mutum a ciki, ya sunkuya yana ja. Ya ɗaga kwanon. Na ga abin da ke ƙasa. Ba zan faɗa muku duka ba. Na ga awarwaron da ke hannunta, ya yi baƙi, yana nan a kan ƙashi.

Ya juyo. Sale ne. Ya rame har sai da na dube shi sau biyu. Bai gudu ba, bai ma saki kwanon ba.

Ya ce, "Yaya, kai ne? Tsaya ka ji. Tamfol ɗinmu ya yage, damina duka a ruwa yara suka kwana. Ƙaramar tari take yi har da jini. Su waɗannan ruwa ba ya damunsu."

Na matso da shebur a hannuna. Ya ɗaga hannu yana nuna mini wani wuri a bayana, yana cewa in duba can, in duba tukuna. Ban duba ba. Na sauke masa bakin shebur a kafaɗa, na ji ƙashin ya ba da ƙara. Ya faɗi zaune a gefen ramin, yana ta cewa Yaya. Na biyu a kai na same shi. Daga nan ban san adadi ba. Na dai san hannuna ya gaji kafin zuciyata ta gaji. Da na tsaya, fuskarsa ba ta ganuwa, jininsa yana gangarawa cikin kabarin matar da ta renar masa mata.

Na zauna. Da numfashina ya dawo sai na waiwaya inda yake nuna mini. Itacen marke ne, ɗanye, an sare shi daidai faɗin kabari, an tara. Ga jarkar ruwa, ga laka an kwaɓa. Na tashi na bi kaburburan da ya riga ya buɗe. Kowanne ya cire kwanon, ya jera itace yadda ake yi, ya toshe da laka, ya mayar da ƙasa, ya ɗora ƙaya. Aikin da muka kasa yi musu ranar da muka binne su, shi ya yi musu. Ya fi nawa kyau.

Ban ce abin da ya yi daidai ne ba. Tonon kabari tonon kabari ne, malamai su yi hukunci. Amma kisa ne hukuncinsa? Kuma ni wa ya naɗa ni alƙali? Mutumin da muka ɗauki gawa tare, ya roƙe ni in juya kaina kawai, ban juya ba.

Da itacen da ya sara na rufe Inna. Na haƙa wani a gefenta, na kwantar da shi yana fuskantar alƙibla, na rufe shi da sauran itacen. Na yi masa salla ni kaɗai, yadda na iya, ban sani ba ko ta yi. Keken da kwanon na zuba a tsohuwar rijiya. Na wanke rigata da ruwan jarkarsa na kama hanya.

Ashe bai gaya wa Hajara inda za shi ba, ce mata ya yi zai je neman itace. A yankinmu in namiji ya shiga daji bai dawo ba, ba a kuma ga gawa ba, magana ɗaya ake yi: ya bi yaran daji. Aka fara da raɗa, aka koma faɗa a fili. Mata suka daina ba ta wuri a bakin famfo. Samarin da ke sintiri suka zo suka zazzage bukkar suna neman bindiga, suka doke ta a gaban 'ya'yanta har kunnenta ɗaya ya daina ji, suka sa wa bukkar wuta. Ta kwaso yara ta taho Garwa. Wurin wa? Wurina. Ni ne yayanta, ba ta da wani. Na bar mata ɗakin da nake haya, na koma kwana a zaure.

Yanzu ita ke dafa abin da nake ci. Da farko kullum sai ta tambaye ni, tunda ina zuwa wajen, ko na taɓa ganin takalminsa, ko keken, ko wani da ya gan shi. Ina cewa a'a. Ta je wurin Malam, limamin da mutanen garinmu suke bi a nan, ta tambaya ko za ta shiga takaba. Ya ce babu gawa babu shaida, sai dai ta jira shekaru. Ga ta nan, ba mai miji ba, ba mai takaba ba. Daga baya ta daina tambaya. Wata rana ta ajiye mini tuwo ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Yaya, ni yanzu ko ya dawo ba na so. In dai Sale ya shiga cikin waɗanda suka ƙona Inna, Allah ya isa tsakanina da shi, duniya da lahira."

Na cinye tuwon. Me zan yi da shi, in mayar? Ta hana yaran ambaton sunan ubansu. Babbar in an tambaye ta 'yar wa ce, sunana take faɗa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Hanya ta ɗan yi sauƙi. Akwai wani Alhaji a nan Garwa, ɗan kasuwa, kakansa yana kwance a makabartarmu. Shekara da shekaru bai taɓa tambayar wurin ba, bana ciwo ya kwantar da shi ya tashi, sai ya tuna. Ya tara mutanen garinmu a ƙofar gidansa ya ce zai kewaye makabartar da bulo kafin manoma su shigar da garma, don an fara noma kusa. Ya so a yi wa kowane kabari siminti a rubuta suna. Malam ya ƙi, ya ce ba a gini a kan kabari, in yana da siminti ya kai masallaci. Suka ja, Alhaji yana cewa Malam yana baƙin ciki da kakansa, Malam yana cewa kakan nasa addu'a yake jira ba fenti ba. Aka yi dariya. Aka tsaya a kan katanga, da dutse a kan kowane kabari. Kuma za a tsaya a kan kowanne, a faɗi sunan mai shi, Malam ya yi masa addu'a da suna. Wa zai faɗi sunayen? Duk suka juyo suna kallona.

Alhaji ya dafa ni ya ce, "To Bebe, ranar bakinka ta zo. Ka adana muryar nan, kada ka ƙarar da ita a kasuwa."

Bayan Salla za a tafi, an riga an yi magana da mai mota. Hajara ta ce da ita za a je. Malam ya so ya hana, ta ce ba ta ga gawar Inna ba, ba ta san inda take kwance ba, ko daga bakin katanga ne a bar ta ta tsaya. Ya yarda ta shiga har wurin kabarin Inna.

Mutanen garinmu sun san waɗanda suka mutu ranar nan, gida gida. Za su ga tudun da ke manne da na Inna, ƙasarsa ba ta kwanta kamar sauran ba. Za a tambaya. Zan iya cewa baƙo ne na tsinta a hanya na binne. Ba mai tonawa. Malam zai yi wa bawan Allah addu'a a wuce, Hajara ta ci gaba da tsine wa mijinta tana tsaye a gefensa.

Zan iya faɗin gaskiya. Jandarma za su tafi da ni, wannan bai dame ni ba, na ga abin da ya fi kurkuku. Amma in na faɗa dole in faɗi abin da na same shi yana yi, a gaban mutanen da ya buɗe kaburburan iyayensu. Na cire masa suna ɗaya na sa masa wani. Yaran kuma su rasa uba su rasa mai ciyar da su, su tashi da sanin cewa hannun da suke ci a ciki shi ya fasa kan ubansu.

Akwai ta uku, ita ce ke hana ni sukuni don ita ta fi sauƙi. In ce Sale ne, na same shi yaran daji sun kashe shi, na binne shi, tsoron bincike ya sa na yi shiru. Sunansa zai wanku. Za ta yi takaba, ta janye Allah ya isa, yara su dawo da sunan ubansu. Za a yi mini faɗan shirun da na yi, a yafe. Amma na san Hajara. Za ta durƙusa a gabana a cikin makabartar nan, ta riƙe ƙafata, ta gode mini da na suturta mata miji. An ja wuƙa a wuyana ban yi kuka ba, amma wannan ban san ko zan iya ɗauka ba.

Malamai da masu hankali, ku gaya mini ba tare da kwana-kwana ba. Malam zai tsaya a kan tudun nan ya ce, nan kuma wane ne, ita tana jin mu. Me zan yi?