Na Baro Binta a Asibitin Kano

Wudil, daren Asabar, watan Rajab, 1956

Na dawo ni kaɗai. Hajara na tsaye a bakin zaure, ta leƙa bayana ta ce, "Malam, ina 'yata?" Na ce an kwantar da ita a asibiti.

Likita ya dafa fitsarin Binta da wani ruwa shuɗi a kwalba, a gabana ya koma ja kamar jar ƙasa. Ya ce ciwon sukari ne. Ashe shi ya sa take shanye moɗa bayan moɗa tana ramewa, tururuwa na taruwa inda ta tsuguna. Mu kuwa muna ta ba ta rubutu da zuma.

Ya ce bai cika ganin ciwon a yarinya 'yar shekara tara ba, yana so ta zauna su auna jininta, su gane yadda yake kama yara. Na tambaye shi yaushe za ta warke. Tafintan da ke fassara mini Turancin likita ya sunkuyar da kai kafin ya faɗa mini: allura ce kullum, muddin rai. Maganin kuma ba ya son zafi, nan Wudil babu inda za a ajiye shi.

Da zan tafi Binta ta riƙe mini riga ta ce, "Baba, gobe za ka zo?" Na ce in Allah ya so.

Ban gaya wa Hajara maganar muddin rai ba. Ina jin ta a ɗaki tana ninke zannuwan Binta, wai na sati ɗaya sun isa.